Lemun cittar da ya tsimu a hannuna

Na taɓa shayar da baƙina abin da ya tsimu, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Ina ba da labarin ne saboda 'yan uwana mata masu sha'awar gwada girkin wasu ƙasashe daga littafi.

Muna zaune a Bradford, a arewacin Ingila, lokacin da maigidana yake karatu. A wani shagon tsofaffin littattafai na sayi littafin girkin mutanen Ingila na da. Can wajen ƙarshensa akwai babin abubuwan sha da ake haɗawa a gida. Mafi yawansu giyar sha'ir ce irin tasu ta gargajiya, sai na tsallake su ko kallo ban yi ba. A tsakiyarsu kuwa ga haɗin lemun citta mai gas. Na yi murna, don ina kewar cittar gida.

Haɗin tsoho ne, irin wanda ke cikin littafin Isabella Beeton na 1861: sukari laba 2 da rabi, wato kilo 1 da 'yan kai, tafasasshen ruwa galan 3, kimanin lita 13 da rabi a awon Ingila, dakakkiyar citta, lemun tsami, sannan yisti idan ruwan ya huce. Yistin bai dame ni ba. Na saba zuba shi a fanke da waina, a tunanina aikinsa bai wuce tayar da kumfa ba.

Littafin ya ce a bar haɗin ya kwana, a tace, a ɗura a kwalba, a sha cikin 'yan kwanaki. Ni kuwa na ajiye bokitin a kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake, inda ya fi ko'ina ɗumi a gidan, na bar shi ya daɗe wai don cittar ta kama sosai. Duk lokacin da na ɗanɗana na ji zaƙin ya ja baya, sai in ƙara sukari. Ban taɓa tambayar kaina inda zaƙin yake tafiya ba.

Daga baya na ɗura shi a kwalabe. Ranar wata walima na fito da kwalaben. Ina murɗa murfin ta farko ta yi tsaki, kumfa ta biyo wuyanta ta zubo mini a hannu. Na riga na zuba wa wasu mata kafin kofi ya isa ga wata dattijuwa da ta zo daga Kano duba ɗanta. Ta kai hanci, ta ɗan taɓa da harshe, ta ajiye. Ta kira ni gefe ta ce, "'Yar nan, kwanansa nawa?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ai ya tsimu. Kwashe shi, kada ki ƙara ba kowa." Na ce, "Gwaggo, citta ce fa da sukari kawai." Ta ce, "Burkutu ma dawa ce kawai."

Washegari maigidana ya kai kwalba ɗaya wurin maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ke haɗa giyarsa a garejin gida, abin da doka ta ba su damar yi ba tare da lasisi ba tun 1963. Baturen ya zuba ruwan a wani dogon kofi, ya jefa ma'aunin gilashi mai yawo a ruwa. Idan akwai sukari, ma'aunin yakan taso sama. Namu sai ya nutse can ƙasa, alamar sukarin ya ƙare. Baturen ya bayyana cewa yisti halitta ce mai rai, kamar yadda Louis Pasteur ya nuna tun 1857. Abincinsa sukari ne, kuma abin da ya ci yana fitar da kusan rabinsa barasa, rabi iskar da ke tayar da kumfa. Duk giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da barasa kimanin kashi 1 cikin 100. Haɗina ya fara da fiye da giram 80 a kowace lita, wato kusan kashi 5 idan yisti ya cinye shi duka, alhali giyar da suka saba sha a mashayarsu tana wajen kashi 4. Ga kuma ƙarin sukarin da na riƙa yi. Ya ƙara da cewa Allah ya kiyaye ni, don iskar tana iya tarwatsa kwalbar gilashi.

Littafin bai yaudare ni ba. An rubuta shi ne don mutanen da ɗan tsimi ba ya damunsu, shi ya sa cittar ta zauna a babi ɗaya da giya. Ni ce na ɗauki umarni ban nemi dalili ba, sannan ko umarnin ma ban bi shi yadda yake ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ilimin yana wurina tun ina yarinya. Na san kunun zaƙi idan ya kwana cikin zafi yakan juya. A islamiyya an karantar da mu cewa Annabi (SAW) ba ya shan jiƙon zabibi idan ya wuce yammacin kwana na uku. Amma ganin rubutun Bature a takarda ya sa na ajiye abin da na sani.

Na zubar da sauran, na yi istigfari, na kira matan da suka sha ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu gaskiya, na nemi afuwarsu. Kiran ya yi mini nauyi, amma haƙƙinsu ne su sani.

'Yar uwa, idan kina son citta mai gas, ki dafa cittar da sukari da lemun tsami, ki sa a firji, ki zuba ruwan soda lokacin sha. Kada yisti ya kusanci ruwa mai zaƙi da za a ajiye. Kuma duk girkin da kika ɗauko daga littafin wasu mutane, ki san aikin kowane abu da ke cikinsa kafin ya shiga tukunyarki, domin amanar cikin waɗanda za su ci tana wuyanki.