Gyartai a Kan Jitar Lantarki

A yankinmu na Kahu, tsakanin Kibiya da Rano, jitar lantarki baƙuwa ce. Kunnenmu da garaya da gurmi da kalangu ya saba, mawaƙan zamani kuwa fiyano da kwamfuta sun ishe su. Mu dai muna da guda ɗaya, ta hannu, wadda muka yi karo-karo mu shida muka sayo a Sabon Garin Kano. Kayan da ke yawo a bayan babur ba ya rasa tabo. Tamu a kai ta samu nata, can inda kunnuwan ɗaure tsirkiya suke: fenti ya ɓantare a kusurwa kamar girman ƙwayar gyaɗa, farin katako ya bayyana.

Wasu cikinmu suka ce a bar shi, tunda ba ya taɓa sauti. Gaskiya ne, sautin jitar lantarki daga tsirkiya da maganaɗisun da ke jikinta yake fitowa, ba daga fenti ba. Amma fentin ba ado ne kaɗai ba, riga ce. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, kuma gefen fentin da ya riga ya ɗago ba ya tsayawa inda yake, sai ya yi ta ci gaba da ɓarewa. Ga shi kan nan shi ke riƙe da jan tsirkiya shida, nauyin da ya kai wajen kilo 40, dare da rana.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a kai wa mai fentin mota a Rano ya feshe kan gaba ɗaya, ya dawo sabo fil. Ita muka fi tsoro. A kan jita ake rubuta sunan kamfanin da ya ƙera ta, sau da yawa har da lambarta. In aka kankare aka fesa, an shafe mata asali, kuma ran da za a sayar a raba kuɗin, mai saye zai tambayi abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashi, ko karaya ce. Mutum shida ke da haƙƙi a cikinta.

Sai muka zaɓi cike gurbin kawai. Farko ana gano irin fentin. Tsofaffin jitocin Amurka, irin na Fender da Gibson na shekarun 1950, da wani siririn fenti mai narkewa aka rufe su, yawancin masu araha na yau kuwa nasu mai kauri ne, mai tauri kamar roba. Ana ɗiga ruwan goge jan farce a auduga a taɓa wani lungu da ido ba ya kaiwa. In ya yi danƙo, na farkon ne, sai a yi hattara, don sufagulu ba abokinsa ba ne. Namu ko gezau bai yi ba.

Daga nan aikin na haƙuri ne. A sassauta tsirkiya, a share gurbin, a manna salatif kewaye da shi. Launi ake fara sawa a kan katakon, ɗan kaɗan da tsinken sakace. Mu jan farce baƙi muka samu a wajen mai kayan koli, wanda sai da ya dube mu sau biyu kafin ya miƙo. Idan ya bushe sarai, sai sufagulu, ɗigo ɗaya, a bar shi ya ƙame, a ƙara wani, har ya ɗan haura saman fentin. Mai gaggawa da ya tuttula shi lokaci guda zai samu farin dusu-dusu da kumfa a ciki. Kwana uku muka yi a kan wurin da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Sannan a naɗe gefe biyu na reza da salatif a bar tsakiyarta, a riƙa kankare tudun a hankali har ya yi daidai da kewayensa. Sai samfefa mai laushi da ruwa, lamba 1000, sannan 1500, sannan 2000, a ƙarasa da man goge mota da tsumma.

Idan aka karkata kan a rana, ana ganin wurin. Baƙin jan farce bai kai na kamfani duhu ba. Wannan bai dame mu ba, domin mun taso muna ganin aikin gyartai. Ƙwaryar da ta tsage, ya huda gefe da gefe ya ɗinke ta, ɗinkin yana nan ɓaro-ɓaro, kuma babu uwar da ta taɓa jin kunyar dama fura a cikinta. Abin da ake nema a wajensa kada ta yi yoyo. Mu ma abin da muka nema ke nan, kada ruwa ya shiga, kada ɓarewar ta ci gaba.

Abin dariyar shi ne, a can inda ake ƙera jitocin, tabo kuɗi ne. Tun 1995 kamfanin Fender ke sayar da sababbin jitoci da aka ƙuƙƙuje da gangan don su yi kama da tsofaffi, kuma tsadarsu ta fi ta masu sheƙi na kasuwa. Mu ba mu ga hikimar sayen tsufan ƙarya ba. Mun fi fahimtar Mdou Moctar na Nijar, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, yau kuma yana kaɗawa a Turai da Amurka.

Sharaɗi ɗaya ne ga mai son gwadawa. Kafin ka ɗiga komai, ka haska wurin da fitilar waya ka duba ko tsagar ta tsaya a fenti ko ta shiga katako, musamman tsakanin ramukan kunnuwa da kuma inda kai ya haɗu da wuya. In ta shiga, wannan ya wuce jan farce da reza. Kwance tsirkiyar gaba ɗaya, ka naɗe jitar a bargo, ka nemi mai gyaran kayan kiɗa a Kano.