Yara Huɗu, Kare na Biyar

Kowace tsara tana da abin da ƴaƴanta suke gane juna da shi. Kakanninmu da sunayen yunwa suke ƙidayar shekaru, iyayenmu kuma da zamanin Sawaba da na Diori. Mu da muka zauna bencin kwaleji a Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Yamai tsakanin shekarun 1970 da farkon na 1990, tamu alamar ta fi waɗannan sauƙi, ta kuma fi su ban dariya. Samu babban mutum mai furfura, wanda ake miƙe masa tsaye in ya shigo biro, ka matsa kusa da kunnensa ka ce «Dagobert». In ka ga ya yi tsai, sannan murmushi ya kuɓuce masa, to ɗan gida ne. Sunan kare ka faɗa masa, karen da bai taɓa yin haushi ba sai a takarda, amma wanda ya raka da yawanmu tun daga aji shida har zuwa lokacin da murya ta fashe.

Ga wanda bai sani ba, maganar «Le Club des Cinq» ake yi, jerin littattafai 21 da wata Baturiyar Ingila, Enid Blyton (1897-1968), ta rubuta tsakanin 1942 da 1963. Kamfanin Hachette na Faransa ya fara fitar da su da faransanci a 1955, aka fi sanin su cikin rukunin littattafan yara mai suna Bibliothèque rose. Masu fassara ba su tsaya ga harshe kaɗai ba. Sun ɗauke yaran ɗungurungum daga gaɓar tekun Ingila suka dire su a jihar Bretagne, suka kuma yi musu sabon zanen suna: Julian ya zama François, Dick ya zama Mick, Anne ta zama Annie, George ta zama Claude, kare Timmy ya zama Dagobert, tsibirin Kirrin kuma ya koma Kernach. Bayan rasuwar marubuciyar, da yake kasuwa ba ta tashi ba, wata mai fassara da ake kira Claude Voilier ta ci gaba da ƙirƙiro sababbi har 24, daga 1971 zuwa 1985. Babu ɗaya daga cikin wannan tarihi da ya dame mu a lokacin. Abin da muke nema a bango shi ne yara huɗu da karensu.

Ba saye muke yi ba. Littafi yakan faɗo unguwa ta ɗaya daga hanyoyi uku: ɗakin karatu na cibiyar al'adu, inda ake ba da aro na kwanaki ƙididdigaggu, tabarmar masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, ko akwatin wani yaya da ya wuce lise. Daga nan sai ya shiga hannu-hannu. Kafin ya zagayo gare ka bango ya tafi, an ɗinke ƙeyarsa da zaren buhu, wannan shafi yana ƙanshin ƙuli-ƙuli, wancan yana warin kananzir. Mafi munin ƙaddara ita ce ka kusa ƙarewa ka tarar shafuka huɗun ƙarshe sun ɓace, ga ɓarayi sun kulle yara cikin kogo, ga ruwan teku yana hauhawa. Dole ka je ka durƙusa wa wanda ya riga ka karantawa, shi kuma ya sayar maka da ƙarshen labari a kan dala biyar ko rabin rake, ya ƙara nasa gishirin. Ina kyautata zaton akwai marubutan ƙasar nan da a wannan ciniki suka fara koyon sana'a.

Kwanan baya na sake karanta uku daga cikinsu da idon uba mai biyan kuɗin lakwal, sai ga abubuwan da yaro ba ya gani suna ta fitowa. Na farko shi ne lissafin lokaci. Kowane littafi hutu guda ne. A littafin farko babbansu yana da shekara 12, autarsu 10. In ka ba su hutu uku a shekara, littafi 21 shekara bakwai ke nan. Ya kamata a ce François ya fara aske gemu, samari kuma sun fara sallama da Annie a ƙofar gida. Amma ina! Har ƙarshe yara ne. Karatu kuwa ba ya cikin damuwarsu. A littafi na biyu an kawo musu mushe har gida don ya yi musu darasi a hutun Kirsimeti, shi ma daga ƙarshe ɓarawo ya fito, takardun binciken baban Claude ya zo sata. Mai karatu ya auna daɗin da wannan ya yi wa yaron da ya sha bulala a kan dikte da safe. Mu namu babban hutu daga Yuli zuwa Satumba yake, wato daidai damina, kuma tsibirin da ake kai mu shi ne gonar kaka, da hauya a kafaɗa.

Na biyu shi ne ci. Waɗannan yara ba sa yin taku goma ba su kwance ƙunshin guzuri ba: burodi da man shanu, dafaffen ƙwai, kirim, kek, tumatir, da wani abu wai shi jambon. Wani abokinmu, ɗan liman, ya yi wata uku yana haɗiyar yawu a kan jambon, yana rantsuwa ranar da ya fara ɗaukar albashi da shi zai buɗe baki, har ranar da ƙamus ya sanar da shi daga jikin wace dabba ake yanko shi. A'uziyyar da ya yi a wannan rana ta ishi unguwa guda. Sai da na girma na gane dalilin wannan yawan ciye-ciye. An rubuta littattafan farko ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake raba abinci da kati a Ingila, rabon da ya fara a 1940 bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1954. Ashe yaran da aka rubuta wa labarin su ma da ido suke ci. Mu kuma mun karanta shi da ɗacin farin 1984 bai gama barin bakinmu ba. Marubuciya a Ingila da ɗan kwaleji a Damagaram, yunwa ce ta yi musu tafinta.

Na uku shi ne karen. Dagobert yana kwana a kan gadon Claude, yana lasar fuskarta, yana cin abinci daga hannunta. Mu da aka koya wa wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki, mun haɗiye wannan duka ba tare da gardama ba, kamar yadda ake haɗiye aljanun tatsuniya. Sunan ma na wani tsohon sarkin Faransawa ne na ƙarni na 7. Wanda duk ya raɗa wa karensa sunan Sarki Tanimun, ban ga yadda zai kwana a Birni ba. Ga kuma iyaye masu sakin yara su yi mako guda a tsibiri ba babba ko ɗaya, alhali mu in kiran magariba ya same ka a waje sai ka shirya bayani. Ga jandarmomi masu sauraron yaro ɗan shekara 12 har su ce masa sun gode. Sannan ga miyagun labarin, waɗanda sau da yawa ƴan fasa-ƙwauri ne. A nan kam kanmu ya ɗaure, domin a garin da bai da nisa da iyaka, mai shigo da fetur da atamfa ta bayan gari maƙwabcinmu ne, sahun gaba yake salla, shi ke raba mana alewa ranar idi.

Ba mu tsaya ga karatu ba, sai da muka kafa tamu ƙungiyar. Mu huɗu ne, duka maza, don babu uwar da za ta bar ƴarta ta bi mu yawon duwatsu. Kare bai samu ba, sai muka ɗauki ɗan akuyar gidanmu a matsayin na biyar. Muna da ma'aji wanda ba ya ajiye komai, da kalmar sirri wadda har mai ƙosai ta sani. Mun bi duwatsun Damagaram lungu-lungu muna neman hanyar ƙarƙashin ƙasa da sandunan zinariya, abin da muka samo bai wuce kunamu da tsohon takalmi ba. Ƙungiyar ta watse ranar da na biyar ɗinmu ya cinye taswirar da muka kwana biyu muna zanawa, shi kuma bai ga bayan babbar salla ba.

Dariya ke nan, amma akwai bashi a wuyanmu, kuma ya kamata a faɗe shi. A cikin waɗannan littattafai muka koyi karatu don daɗi, ba don tsoron mushe ba. Wanda ya karanta guda goma ya haɗiye dubban jimloli ba tare da ya sani ba, har da wannan lokaci na fi'ili da ake kira passé simple, wanda Faransawa ba sa magana da shi sai a rubuce. Mu kam magana muke yi da shi. Yaro zai dawo daga kasuwa ya ce «nous mangeâmes», alhali ɗanwake ya ci a tsaye. Teku da ba mu taɓa gani ba, mun san cikarta da janyewarta da sunayen sassan kwalekwale, mu da babban ruwanmu shi ne tabkin bayan gari. Shi ya sa raina ya sosu da na ga bugun da Hachette ya sabunta tun daga 2006: an cire passé simple an sa lokacin yanzu, an taƙaita jimloli, an rage siffanta wurare. An ce don sauƙaƙa wa yaran zamani ne. To, mu da faransanci bai zama harshen uwa gare mu ba mun hau wannan dutse da silifa, ban ga abin da zai hana ɗan Paris hawansa ba.

Wani gyaran kuwa na fahimci dalilinsa. Idon babba yana ganin abin da yaro ya tsallake: baƙo, mai duhun fata, mai karyayyen harshe, ɗan yawon da ba shi da gida, su ne ake fara zargi in abu ya ɓace. Har an sauya sunayen wasu littattafan saboda haka. Annie tana wanke kwanuka tana gyara shimfiɗa yayin da maza suke shawara, Claude kuma ba ta sami girma ba sai da ta yanke gashi ta ƙi amsa sunan Claudine. Duk da haka ƴan matan ajinmu Claude suke so, domin ita ce mai tsibiri, mai kwalekwale, mai taurin kan da ba ya lanƙwasuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: da a ce ɗayanmu ya ɓullo a bakin tekun Kernach da rigarsa da hularsa, ba a cikin biyar ɗin za a sa shi ba, shi ne Dagobert zai yi wa gurnani. Muna karanta wannan ne kuma a makarantun da, a wasunsu, ake rataya wa yaro «symbole» a wuya in ya kuskura ya yi Hausa a fili.

Ba a ce babu abin karantawa da harshenmu ba. «Magana Jari Ce» da «Ruwan Bagaja» na Abubakar Imam suna tsallako iyaka, daga baya littattafan soyayya na Kano suka biyo su, ƴan mata suna ɓoye su cikin kayye. A gida ma Boubou Hama da Andrée Clair sun rubuta wa matasa labarin Albarka da faransanci. Sai dai na Imam duniyar sarakuna da waziri da aku ce, na Kano kuma na masu shirin aure ne. Abin da ba mu samu ba shi ne jeri: yara sa'o'inmu, masu suna irin namu, waɗanda za mu rabu da su yau mu sake tarar da su a littafi na gaba ba su sauya hali ba. Sirrin Enid Blyton bai wuce nan ba. Yaro ba ya ƙaunar littafi guda kamar yadda yake ƙaunar alkawarin cewa akwai na gaba.

A Ingila, masu irin shekarunmu sun huce kewarsu da raha. A 2016 wani marubuci, Bruno Vincent, ya fitar da littattafan barkwanci inda biyar ɗin suka girma, suna fama da renon jariri, da barin giya, da gardamar ficewar ƙasarsu daga Tarayyar Turai. Da ni aka ba alƙalamin, da François ya yi ritaya yana bin layin fansho, Mick yana sayar da kayan salula, Annie ta zama shugabar adashin unguwa, Claude kuma tana kotu shekara goma a kan takardun filin tsibirinta.

Amma wannan nishaɗin tsofaffi ne, ba shi ne buƙatar ƴaƴanmu ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Doka tana iya shigar da harshe aji, ba ta iya sa yaro ya ɓoye tocila a ƙarƙashin bargo don ya ga ƙarshen babi. Wannan aikin marubuta ne da masu ɗab'i. Kayan aikin kuwa suna nan zube: ganuwar Birni da tsofaffin rijiyoyi, Gulbin Maraɗi ranar da ya kawo ruwa, kasuwar dabbobi, ayarin gishiri daga Bilma, motar da ta lalace da dare tsakanin Tawa da Ƙonni. Ana buƙatar yara huɗu, biyu daga cikinsu mata masu bakin magana, da marubucin da zai yi haƙurin kai su littafi na 20 ba tare da ya mai da kowane babi wa'azi ba. Na biyar ɗin kuma, in za a ji shawarar wanda ya gwada, a nemi jaki. Akuya ba ta da amana a kan takarda.