A La Paz, ƙwallo ba ta jin birki

Birnin La Paz na ƙasar Bolibiya a cikin wani wagegen kwari yake, gidajen jan bulo sun hau tsaunuka ta kowane gefe, ga dutsen Illimani can da ƙanƙara a kansa. Sai dai wannan kwarin da kansa ya kai wajen mita 3,600 sama da teku, wato ninki uku na tsayin Jos. Matakalar bene ɗaya na taka a masauki na tsaya ina haki, mai masaukin ko a jikinta, ta miƙo mini shayin ganyen koka ta ce in rage sauri.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a filin wasa na Hernando Siles na gan shi. 'Yan gida ba sa wahalar kutsawa cikin da'irar gola. Daga nesa, inda a wani wuri za a ce mutum ya yi asarar ƙwallo, nan suke ɗirka ta, kuma kafin gola ya gyara tsayuwa ta iso shi. Baƙi kuwa, da suka zo daga ƙasa-ƙasa, duk doguwar ƙwallon da suka aika sai ta wuce kan wanda aka nufa ta fita waje. Ka ga ɗan wasa ya tsaya yana duban ƙafarsa, alhali ƙafar ba ta yi laifi ba.

Iskar ce. A wannan tsayi kaurinta bai fi kashi biyu cikin uku da ɗoriya na iskar bakin teku ba. Ƙwallo a sama iska ce ke taka mata birki, to idan iskar ta yi shara-shara sai ta riƙe gudunta ta ƙara nisa. Haka kuma bugun nan mai lanƙwasa da ake kewaye katangar 'yan wasa da shi, iskar ce ke tura ƙwallon gefe yayin da take juyawa. In babu isasshiyar iska, sai ta miƙe sambal. Daniel Passarella, kocin Ajantina, ya koka da haka a 1996 bayan Ekwado ta doke su a birnin Kito, ya ce ƙwallo ba ta lanƙwasa a can. An daɗe ana yi masa dariya, amma mutumin gaskiya ya faɗa. A ganina gola ne abin tausayi: sauran 'yan wasa ƙirji kawai ke damunsu, shi kuwa idonsa da ya saba auna ƙwallo tun yarinta ne ke yaudararsa.

A filin Hernando Siles ne Brazil ta fara shan kashi a tarihinta na neman gurbin Kofin Duniya, 2-0 a 1993. A 2009 Ajantina, da Maradona a matsayin koci da Messi a fili, ta kwashi 6-1.

A 2007 FIFA ta hana wasannin ƙasa da ƙasa a sama da mita 2,500, wai don lafiyar 'yan wasa. Shugaban Bolibiya na lokacin, Evo Morales, ya hau dutsen Sajama, wajen mita 6,000, ya buga tamaula don nuna adawa, kuma a 2008 aka janye dokar. Ni dai ina bayan Bolibiya a nan. Ba wanda ya taɓa hana ƙasa mai zafi karɓar baƙi saboda rana, kuma mutanen nan ba don mugunta suka hau tsauni ba, nan aka haife su.

Ko da yake, su ma sun san abin da suka taka. A 2024 sun mayar da wasanninsu El Alto, birnin da ke saman La Paz, inda filin ya haura mita 4,000, suka buɗe da lallasa Venezuela 4-0.