Daga Nguru Zuwa Gashuwa da Zaren Gilashi a Hannu

Da hantsi motarmu ta bar tashar Nguru ta nufi gabas. A garin nan ne layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya a 1930, ya buɗe wa gyaɗa da fatu da ƙaro hanya. Yau kuwa ɗan kasuwar Nguru sabis yake nema ido rufe, domin ko kuɗin kifi ta waya ake turawa.

Kafin Jajimaji sabis ya ɗauke, mota ta cika da ƙorafi. Wani matashi da ke kusa da ni, ma'aikacin sadarwa, ya zaro guntuwar waya daga jakarsa ya ɓare ta. A ciki sai ga zaren gilashi, siriri kamar gashin kai.

"Baba, riƙe a hankali, yana huda fata," in ji shi.

Ya ce haske ake harbawa ta cikinsa, kuma ba guda ɗaya ba. Launuka 80 ko 96 da ido ba ya gani ake turawa tare, kowanne da zangonsa, kowanne na iya ɗaukar gigabit 100 a daƙiƙa. Na'ura ɗaya ta haɗa su a mafari, wata ta rarrabe su a ƙarshe. DWDM suke ce wa dabarar. Duk bayan kamar kilomita 80 sai an ƙara wa hasken ƙarfi, da wata na'ura da masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka fito da ita a 1987, wadda ke ƙarfafa launukan gaba ɗaya. Tsakanin Nguru da Gashuwa bai ma kai kilomita 80 ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sau ɗaya ake haƙa ramin binne wayar. In buƙata ta ƙaru, sai a ƙara launi.

Da azahar muka shiga Gashuwa, garin da ke da jami'ar tarayya tun 2013. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun daɗe da sauka Legas, MainOne a 2010, Equiano a 2022, amma nisan Legas da Gashuwa ba wasa ba ne. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa kilomita 90,000 na wayar zaren gilashi. Ya kamata gwamnatin Yobe da 'yan majalisarmu su tsaya tsayin daka, arewacin jihar ya samu rabonsa tun a zangon farko.