Baƙin Tashar Takoradi

Jama'ar Zango, ku zo mu leƙa Takoradi, tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1928. Jirgin da ya zo ɗaukar koko yakan iso da ruwan wata teku a cikinsa don kada ya kife. In za a yi lodi sai a zubar, har da halittun ciki. Ta haka wata halitta mai yauƙi marar ƙashi ta shiga Bahar Aswad daga Amurka wajen 1982, ta cinye ƙwan kifi, masunta suka shiga uku. Yarjejeniyar duniya da ta fara aiki a 2017 ta wajabta tace ruwan. Abin ya shafe mu, domin kyafaffen amanin Kejetia daga teku yake. An ce baƙo raɓa ne, wannan kuwa in ya sauka ba ya tashi.