Tsohon kam da sabon kam: wanne ya dace da mu?

1/ Yau maganar baka zan yi. Bakan kibiya fa, ba na surutu ba. Fiziks nake karantawa, kuma wannan zangon na nutse cikin nazarin bakan zamani, mai faifai a bakin kowane reshe. Faifan nan shi ake kira kam. Ku biyo ni.

2/ Bakanmu na gargajiya ƙa'idarsa ɗaya: iya jan tsirkiya, iya ƙaruwar nauyi. Inda kake buƙatar natsuwa don saiti, nan ne ya fi nauyi. Kakana na wajen uwa maharbi ne a wani ƙauye kusa da Kusada. Har yau idonsa garau, kafaɗa ce ta sa ya rataye kwari da baka.

3/ Wannan matsalar wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya magance. Ya nemi rajistar ƙirarsa a 1966, aka ba shi a 1969. Kam ɗin na juyawa yayin ja, nauyi ya kai ƙololuwa a tsakiya, sannan ya sauka.

4/ Tsofaffin kam kusan zagayayyu ne. Jansu da laushi, amma kusan rabin nauyin kawai suke ɗauke maka. Na yanzu siffar ƙwai gare su, suna ɗauke kashi 80 cikin 100, wasu ma fiye. Lissafi: bakan kilo 30, da tsohon kana riƙe da 15, da sabon 6 kacal. Kibiyar kuma ta fi gudu.

5/ Ciwon kan mai kam biyu shi ne, in igiya ta ɗan saki, na sama da na ƙasa su daina juyawa tare, kibiya ta baude. A 1992 kamfanin Mathews ya fito da mai kam ɗaya, sama kuwa taya ce zalla. Daga baya Bowtech ya kawo wanda aka ɗaure kam biyun da juna, dole su tafi tare.

6/ To sabon ya ci kenan? A filin gasa, eh. Har an saka wannan bakan cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Anjalis. Amma ku tambayi kanku: in tsirkiyarsa ta tsinke a Kankia, wa zai gyara?

7/ Sabon sai an matse rassansa da inji na musamman kafin a sauya igiya. Da yawa cikin tsofaffin kuwa wayar ƙarfe gare su mai 'yar ƙugiya, kana iya sauya tsirkiya a gindin bishiya. Na gargajiya ma fata ce, mai shi ke murza abarsa.

8/ Shi ya sa ni dai tsohon kam na zaɓa. Kayan da ba ka iya gyarawa, wallahi aro ne ko da kuɗinka ka saya. Zagayayyen faifai kuwa mai injin yankan ƙarfe zai iya fitar da shi.

9/ Shi nake son ƙerawa a aikina na ƙarshen karatu, in auna nauyinsa da sikelin rataye, in kai wa dattawan maharba su gwada. Wanda ya san ƙwararren mai yankan alminiyam a Kankia ko cikin Katsina, don Allah ya yi min magana.