Ƙugiyar haruffanmu da ajiye takarda a HTML



Ni ne nake buga bayanan taron ƙungiya, kuma da aka ce a mayar da tsofaffin takardunmu HTML domin kowa ya iya buɗe su a wayarsa, aikin a kaina ya faɗo. Abin da ya fi cin lokacina shi ne ƙugiyar haruffa huɗu: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ.

Takardun da magabatanmu suka buga a shagunan kwamfuta, da yawansu an yi su ne da tsohon salon haruffan Hausa wanda ke aron maɓallan baka. A fuskar kwamfutar kana ganin "ƙasa", amma abin da ke ajiye a ciki "}asa" ne, "ɗaya" kuma "]aya". Muddin salon yana kan na'urar, lafiya lau. Da zarar an fitar da takardar zuwa HTML aka buɗe a waya, sai asiri ya tonu. Wasu sukan share ƙugiyar gaba ɗaya don su huta, ni kuwa ban yarda da wannan ba. Kafa kwamiti daban, ƙafa daban. "An ɓata kuɗi" da "an bata kudi" a rahoton ma'aji na iya haddasa rigimar da sai dattawa sun shiga.

Ga yadda nake yi. Kafin in fitar da komai, ina danna Ctrl da H in musanya kowace alama da harafinta na Unicode, } ta koma ƙ, ] ta koma ɗ, ~ ta koma ɓ. A Word ina zaɓar Web Page, Filtered, domin yana zubar da tarkacen da ke ƙara wa fayil nauyi. Wanda ke Dagona ko wani ƙauye a fadama, da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, ya san amfanin wannan. Sannan in buɗe fayil ɗin a Notepad in duba layin charset a sama ya ce utf-8, in kuma ajiye shi da UTF-8. Idan aka ajiye da ANSI, haruffan nan alamar tambaya suke komawa, kuma ba sa dawowa. Saboda haka kullum ina barin kwafin asali a gefe.

Mu nan abin ya wuce Hausa. Badanci da Barbarci suna da harafin ə, kuma shi ma hanyar nan ce ke tsare shi, musamman a sunayen garuruwa da na sarautu.

Na gama na shekara uku, saura na baya da ke cikin faifan CD. Duk mai tsohuwar takardar ƙungiya a kwamfutarsa ya turo mini ita yadda take, kada ya gyara komai tukuna.